Furen Dezi da Tarihin Ɗaukar Hoto Daga Kusa

Ka taɓa ganin hoton furen dezi, mai fararen ganyayyaki a kewaye da rawaya a tsakiya? A Turai yana tsiro da kansa a filayen ciyawa, kuma Carl Linnaeus ne ya raɗa masa suna Bellis perennis a 1753. In ka ƙirga shi fure ɗaya, to ka yi kuskure. Rawayar tsakiyar nan taron ƙananan furanni ce a cunkushe, kowane farin ganye na gefe ma fure ne mai zaman kansa. Haka danginsa suke, har da shuwaka da latas.

Masana tsirrai sun daɗe da sanin wannan ta gilashin ƙara girma. Wahalar ita ce nuna wa sauran mutane. Kyamarorin farko, wajajen 1839, kan ɗauki mintuna kafin hoto ya kama, fure kuwa iska kaɗan ta kaɗa shi sai hoton ya dushe. Anna Atkins a Ingila kuwa ta bi wata hanya: tana shimfiɗa tsiro a kan takarda mai sinadari ta shanya a rana, sai siffarsa ta fito fara a kan shuɗi. Littafinta na 1843 a kan ciyayin teku yana cikin littattafan farko da aka yi da hotuna. Sai dai inuwar tsiro kawai ake gani, babu abin da ke ciki.

Wani malamin zane a Berlin, Karl Blossfeldt, shi ya matso kusa sosai. Ya harhaɗa kyamara da hannunsa, yana ƙara girman tsiro har ninki 30. Littafinsa na 1928 ya nuna wa jama'a gashi da jijiyoyin da ido ke tsallakewa. A 1955 Heinz Kilfitt ya fitar da Makro-Kilar, gilashin kyamara na ɗaukar abu daga kusa.

Amfanin wannan ya wuce kwalliya. Busasshen tsiro a ɗakin ajiya launinsa kan koɗe, hoto kuwa yana riƙe launi, ranar da furen ya buɗe, da ƙwaron da ya sauka a kansa. Yau masu bincike na amfani da hotunan da mutane ke ɗorawa a iNaturalist don bin diddigin lokacin fure.

Don haka in shuwakar gidanku ta yi fure, matso da wayarka, ka jira iska ta lafa, ka ƙirga furanni nawa ne a kai ɗaya.