Bolonya, garin da ɗalibai suka ɗauki malamai aiki

A arewacin Italiya akwai birnin Bolonya, wanda ake ƙirga shekarun jami'arsa tun daga 1088. Duk Turai babu jami'ar da ta girme ta. Ba sarki ne ya kafa ta ba, ba kuma coci ba. Samari ne suka yi ta kwararowa daga Jamus da Faransa da Ingila don ɗaukar karatun dokokin Rumawa wurin malamai irin su Irnerius.

Baƙo kuwa a wancan zamani ba shi da gata. In ɗan ƙasarku ya ci bashi ya tsere, kai za a kama. A 1158 Sarki Frederick Barbarossa ya kafa dokar da ta hana wannan zalunci, su kuma ɗaliban suka haɗa kai, kowa da 'yan ƙasarsu, suka riƙa zaɓen shugaba daga cikinsu.

Nan ne abin ya fi burge ni. Tunda su ke biyan malami daga aljihunsu, su suka gindaya masa sharuɗɗa. In ƙararrawa ta buga bai fara darasi ba, tara. In ya tsallake babi mai wuya, tara. In tafiya ta kama shi, sai ya nemi izini, ya ajiye kuɗin jingina cewa zai dawo. Idan kuma hukumar gari ta matsa musu, sai su tattara ya-nasu-ya-nasu su tashi, kasuwa ta mutu. Haka wasu suka tashi a 1222 suka kafa jami'ar Padua. Sai da hukuma ta soma biyan malamai albashi sannan wannan iko ya fara suɓuce wa ɗalibai.

Yawan baƙi har fasalin garin ya sauya. Wurin kwana ya yi ƙaranci, masu gidaje suka riƙa faɗaɗa benaye zuwa kan titi suna tokare su da ginshiƙan katako, ƙasan ya zama rumfar masu wucewa. A 1288 aka mai da wannan doka, da sharaɗin tsayin rumfa ya isa mai doki ya wuce bai sauka ba. Yau tsawon rumfunan ya kai kilomita 62, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2021.

Likitanci ma ya bunƙasa. Littafin Al-Ƙanun na Ibn Sina, a fassarar Latin, yana cikin abin da ɗalibai ke karantawa. Zauren koyar da fiɗa da aka soma ginawa a 1637 yana nan: bangonsa katako zalla, teburin marmara a tsakiya, bencina a kewaye. Bam ya rushe shi a 1944, mutanen gari suka tsinci gutsattsarin daga ɓaraguzai suka sake haɗa shi.