Hannun da aka buga a Duwatsun Nuba

Idan na ambaci firinta a shirina, takarda masu saurare a nan Gadarif suke kawowa a ransu. Wadda ake kira firintar 3D kuwa kaya take bugawa. Aikinta irin na mai ginin tukunya ne: tana narkar da zaren roba, ta riƙa zuba shi siriri bisa zanen da kwamfuta ta ba ta, hawa kan hawa, har siffar ta tashi.

Ba yau aka fara ba. A 1984 Ba'amurke Chuck Hull ya nemi rajistar dabarar daskarar da ruwan roba da haske, a 1989 kuma Scott Crump ya nemi ta narkar da zare. Shekara da shekaru sai manyan kamfanoni ke iya sayen na'urar. A ganina 2009 ce shekarar da ta shafe mu, domin a ita haƙƙin mallakar Crump ya ƙare. Kafin nan Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya riga ya saki zanen tasa kyauta. Farashi ya karye.

Shi ya sa ta iso Sudan. A 2012 jirgin yaƙi ya saki bam a Duwatsun Nuba, wani yaro makiyayi ɗan shekara 14, Daniel Omar, ya rungume bishiya don ya tsira. Ya tsira, amma ya rasa hannuwansa biyu. Dakta Tom Catena na asibitin Gidel shi ya yi masa aiki. A Nuwamban 2013 Mick Ebeling ya zo daga Amurka da firintoci, ya iske Daniel a sansanin Yida a Sudan ta Kudu, aka buga masa hannu na kusan dala 100. Babu batir, igiyoyi ne ke jan yatsun idan ya lanƙwasa gwiwar hannu. Da shi ya ɗauki cokali ya ci abinci da kansa. Aka bar na'urorin a Gidel, aka koya wa samarin yankin aikin.

Kada dai a zuzuta: hannun roba ba ya riƙe fartanya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 'yan gudun hijira suka cika Gadarif, wasu da raunuka irin na Daniel. Sai dai firintar tana son wutar da ba ta ɗaukewa har sa'o'i, da zaren da ake shigowa da shi daga waje, kuma duka biyun wuya suke yi a garinmu yanzu.