Marsandi E 220 d: Yadda aka ƙera motar dizal mai tsimin mai da abin da take buƙata a titunan Abuja

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin masu motoci a Abuja ya sauya. Litar fetur da ake saye a ƙasa da naira 200 ta koma naira 537 cikin 'yan kwanaki, kafin ta kai naira 617 a watan Yulin shekarar. A unguwanni irin Gwarinpa, inda ma'aikata da 'yan kasuwa ke fita kullum zuwa tsakiyar birni, su kuma kama hanyar Kaduna ko Kano a ƙarshen mako, tambayar lita nawa mota ke sha ta shiga sahun gaba.

Wannan ne ya sa ake sake waiwayar motocin alfarma masu amfani da man dizal, wanda aka fi sani da gas a arewacin Najeriya. Misali mafi kusa shi ne Marsandi samfurin E 220 d, wadda kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus ya fitar a 2016.

Asalin injin dizal

Injiniyan Jamus Rudolf Diesel ne ya samu rajistar mallakar wannan fasaha a 1893, kuma injinsa na farko da ya yi aiki yadda ake so ya tashi a birnin Augsburg a 1897. A 1936 Mercedes-Benz ya nuna samfurin 260 D a baje kolin motoci na Berlin, ɗaya daga cikin ƙananan motocin dizal na farko a duniya. Daga baya samfurin W123, wanda aka fara sayarwa a 1976, ya yi suna a Afirka saboda juriya, musamman nau'in 240 D da ya daɗe yana aikin tasi a ƙasashe irin su Maroko.

Bambancin injin dizal da na fetur yana cikin yadda wuta ke kamawa. Injin fetur yana haɗa mai da iska, sannan fulogi ya ba da tartsatsi. Injin dizal kuwa iska zalla yake matsewa a cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sai a fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Wannan matsi mai yawa shi ke sa injin ya fi cin moriyar kowane ɗigon mai. Bugu da ƙari, litar dizal ta fi litar fetur ƙunsar makamashi da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Waɗannan dalilai biyu su ne tushen tsimin da aka san dizal da shi.

Abin da ke ƙarƙashin bonet

Injin E 220 d, mai lamba OM 654, yana da silinda huɗu da girman sisi 1,950, tare da turbo mai tura ƙarin iska. Yana ba da ƙarfin doki 194. Abin da ya fi muhimmanci ga direba shi ne ƙarfin murɗa taya, wanda ya kai ma'aunin Nm 400, kuma ana samunsa tun inji yana juyi 1,600 a minti ɗaya.

Kamfanin ya ƙera gangar injin da alminiyon domin rage nauyi, ya kuma yi fistin da ƙarfe, akasin yadda aka saba. Fistin ƙarfe ba ya kumbura da zafi kamar na alminiyon, kuma ana iya ƙera shi gajere, don haka gogayya a cikin silinda ta ragu. An kuma lulluɓe bangon silindar da wani siririn shafi mai santsi da kamfanin ke kira Nanoslide. Man yana taruwa a bututu guda mai ciyar da dukkan nozul, a ƙarƙashin matsin da ya haura ma'aunin bar 2,000, kuma kwamfutar motar tana raba feshin gida-gida a kowane bugu. Wannan ne ya rage ƙarar nan ta ƙwanƙwasa da aka san tsofaffin injinan gas da ita.

Giyar motar mai sarrafa kanta ce, mai hawa tara, ana kiranta 9G-Tronic, kuma tayoyin baya take turawa. An tsara jikin motar yadda zai ratsa iska cikin sauƙi, har ma'aunin tirjiyar iskarta ya sauka zuwa 0.23 a wasu nau'o'in, wanda ke cikin mafi ƙanƙanta a motocin zamaninta.

Bisa alƙaluman kamfanin, motar tana kai gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa 7.3, iyakar gudunta kilomita 240 a sa'a, kuma tana shan lita 3.9 zuwa 4.3 a kowane kilomita 100. An samo wannan adadi ne daga tsohon gwajin Turai da ake yi a ɗakin gwaji. A kan titi, da na'urar sanyaya mota a kunne da kaya a but, shan man ya fi haka.

Halinta a kan hanya

E 220 d mota ce ta doguwar tafiya. Tsawonta ya kusa mita biyar, tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya kuma ta kusa mita uku, abin da ke ba ta natsuwa a kan titi da wadataccen wurin miƙe ƙafa ga wanda ke zaune a baya. Da yake ƙarfinta yana fitowa tun daga ƙasa, direba ba ya buƙatar danne totur kafin ta ɗauka. A babbar hanyar Kubwa, ko a kan titin Zuba zuwa Kaduna, tana shiga giya ta takwas ko ta tara, inji yana juyi ƙasa da 2,000 a minti, sai ƙarar iska da ta taya kaɗai ake ji. Wuce tirela ma ba ya ɗaukar lokaci, domin giyar tana sauka hawa biyu ko uku nan take.

Tana da nata rauni. Da sassafe, kafin inji ya ɗumama, ana jin ƙarar dizal daga waje. Injin ba ya son a kai shi ƙololuwar juyi kamar na fetur, kuma sitiyarinta an daidaita shi ne domin sauƙi da kwanciyar hankali. Ƙasanta ba shi da tsayi, saboda haka tuddan rage gudu da ramukan wasu layukan cikin unguwa suna buƙatar lallaɓawa, musamman idan an sa mata manyan ƙafafu masu siririyar taya.

Matsalar ingancin mai

Babban ƙalubalen irin wannan mota a Najeriya yana cikin salansarta. Domin cika ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6, an sa mata matata mai tare baƙin hayaƙi, da kuma wata na'ura da ke fesa ruwan AdBlue, wanda haɗin yuriya ne kashi 32.5 cikin ɗari da tataccen ruwa, domin rage gubar da ke fita. An tsara waɗannan na'urori ne bisa man Turai, inda tun 2009 doka ta taƙaita sinadarin salfa, wato farar wuta, zuwa kashi 10 cikin miliyan.

A Najeriya kuwa an daɗe ana amincewa da dizal mai salfa har kashi 3,000 cikin miliyan. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar a watan Satumban 2016 ya bankaɗo yadda 'yan kasuwar Turai ke turo gurɓataccen mai zuwa Afirka ta Yamma. A 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan, kuma Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta bi wannan ma'auni. Hukumar NMDPRA ce ke da alhakin sa ido a kai. A 2024 matatar Dangote da ke Legas ta fara sayar da dizal a kasuwar cikin gida.

Ko da doka ta inganta, abin da ke shiga tanki shi ne abin lura. Dizal mai yawan salfa yana lalata na'urorin tace hayaƙi, wanda aka gauraya da kananzir yana rage santsin da famfon mai ke buƙata, mai ruwa a ciki kuma yana cinye nozul. Tsohuwar 240 D tana iya haƙuri da irin wannan mai, amma injin da ke feshi a matsin bar 2,000 ba ya iyawa.

Akwai kuma batun gajerun tafiye-tafiye. Matatar hayaƙin tana wanke kanta ne ta hanyar ƙone abin da ta tara a zafin da ya kai wajen digiri 600, kuma hakan yana buƙatar tafiya mai ɗan tsawo ba tare da tsayawa ba. Motar da aikinta bai wuce kai yara makaranta da zagayen 3rd Avenue a cikin cunkoso ba, matatarta za ta toshe sannu a hankali, har kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi. Haka nan idan ruwan AdBlue ya ƙare, motar ba za ta sake tashi ba bayan an kashe ta.

Lissafin aljihu

An daɗe da cire hannun gwamnati daga farashin dizal a Najeriya, kuma a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, litarsa ta haura naira 800 alhali fetur bai kai naira 200 ba. A wancan lokaci motar dizal asara ce tsantsa. Janye tallafi ne ya rage wannan tazara.

Ga misali domin kwatance. Daga Gwarinpa zuwa Kano ya ɗan haura kilomita 400. Idan aka ƙaddara motar dizal tana shan lita 6 a kilomita 100, takwararta ta fetur kuma lita 9, ta farko za ta sha kimanin lita 24, ta biyu lita 36. A wannan misali dizal yana da riba matuƙar farashin litarsa bai kai ninki ɗaya da rabi na farashin fetur ba. Sai dai dole a ɗora kuɗin AdBlue, da baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka, da matatar mai da ta iska, wadda ƙurar hunturu ke saurin cikawa. Gyaran nozul ko turbo sau ɗaya na iya cinye tsimin watanni masu yawa.

Kafin a saya

Ba a sayar da wannan samfuri na dizal a Amurka ba, inda akasarin motocin hannu na Najeriya ke fitowa. Saboda haka wadda aka gani a nan galibi daga Turai take, irin waɗanda ake kira Beljiyam, kuma da yawansu sun yi doguwar tafiya a can, wasu ma a aikin tasi. Ya kamata mai saye ya nemi takardun tarihin gyaranta, ya sa a duba ta da kwamfuta domin sanin ainihin kilomitar da ta yi da halin da matatar hayaƙi ke ciki. Ya kuma tabbatar da cewa akwai makaniken da ya san injin dizal na zamani, a Apo ko wani wuri, da kuma gidan mai amintacce da zai riƙa sha a kai a kai.

Wasu masu motoci kan cire na'urorin tace hayaƙi domin guje wa kashe kuɗi. Yin haka yana sakin baƙin hayaƙi da iskar da ke cutar da huhu, kuma tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa cutar kansa.

Ga mai zirga-zirga tsakanin Abuja da jihohi, wanda ke da tabbacin samun mai mai kyau, E 220 d tana ba da jin daɗin babbar mota da shan man ƙaramar mota. Ga wanda tafiyarsa ba ta wuce cikin gari ba, motar fetur, ko mai haɗa fetur da lantarki, ta fi dacewa da buƙatarsa.