Kafin Atamfa: Abin da Kakanninmu Mata Suka Ɗaura

A bikin da aka yi kwanan baya an ce 'yan mata su zo da "kayan gargajiya", sai ga atamfa da leshi sun cika wuri. Wannan ya sa muka waiwayi suturar matan Hausa tsakanin 1870 da 1900, shekarun ƙarshe na mulkin Sarauniya Biktoriya a Ingila, lokacin da matan can ke matse ƙugu cikin dogayen riguna masu tudu ta baya.

A nan ƙasar Hausa yawancin mata ba riga suke sakawa ba. Zane ne ake ɗaurawa daga ƙirji, a yafa mayafi, a ɗaura fatala. Kuma aikin gida ne: mata su kaɗa auduga da mazari, maza masaƙa su saƙa ƙyalle siriri, a haɗa shi ya zama zane, sannan a kai marina. Na Ƙofar Mata a Kano har yau suna aiki. Garin Kura kuwa ya yi suna da baƙin turkuɗi wanda 'yan bugu ke bugawa da shuni har ya riƙa ƙyalli. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa waje duk shekara sun kai na wuri miliyan 300.

Mai hali ana gane ta da saƙi, ko zanen tsamiya, ko barage mai ratsin alharini ja wanda ayari ke kawowa daga Tarabulus. Ga doka an shafe ta da shuni, ga kwalli, lalle, murjani, munduwa, da jigida wadda ba kowa ke gani ba. Yadin Manchesta ya riga ya shigo, ta Sahara da kuma ta kogin Neja, amma bai kori saƙar gida ba tukuna.

Ina Jos a wannan labari? Lokacin babu garin kamar yadda muka san shi. Haƙar kuza ta Turawa ce bayan 1903 ta jawo kakanninmu daga Kano, Katsina, Zazzau da Bauchi, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914. Da irin waɗannan zannuwa matan suka hawo dutse, kuma duk wanda ya san sanyin Disamba a nan zai gane darajar gwado, mai kaurin nan da mata ke saƙawa da kansu.

Abin da ke damunmu shi ne ragowarsu na ƙarewa. Tsohuwa ta rasu, a buɗe adaka, a ga tsohon saƙi, a ce tsumma ne, a yi shimfiɗar yara da shi. Duk gidan da ke da irinsa, don Allah a ɗauki hotonsa, a tambayi dattijuwar gidan sunansa da garin da ya fito, a turo mana mu adana.