Wanda Ya Gaji da Rai, Alhali Amana Ta Hana Shi Tafiya

Daga cikin mutanen da masu hikaya suke ƙirƙira, babu wanda ya fi wuyar rubutawa, a ganina, kamar mutumin da duniya ta ishe shi har ya fi son kabari, amma wani wajibi da ya rataya a wuyansa, ko na ɗa, ko na iyaye, ko na alkawari, ya tsare shi a cikin masu rai. Marubucin Ingila Shakespeare ya gwada wannan sau biyu a cikin wasa guda, domin Hamlet da kansa ya yi kukan cewa Ubangiji ya haramta wa mutum kashe kansa, alhali jinin mahaifinsa yana jiran sakayya, sa'an nan a ƙarshe shi ne ya hana amininsa Horatio shan dafi, ya ɗora masa nauyin rayuwa don ya ba da labari bisa gaskiya. Wole Soyinka kuwa, a wasansa na 1975, ya juya mas'alar, ya kawo Elesin na Oyo wanda al'ada ta wajabta masa bin sarki lahira, amma zuciyarsa ta maƙale wa duniya.

Mu ma muna da irin wannan mutum a adabinmu, sai dai mace ce, kuma mun fi yabon haƙurinta da sauraron abin da ke ranta. Ina nufin mahaifiyar Umar a cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka buga a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya. Wannan baiwar Allah, wadda mijinta na farko ya rasu, aka kori na biyu, Makau, daga gari saboda sharrin mahassada, aka kuma sace mata ɗa, ta bar ƙasarta ta bi sawun yaron, aka yaudare ta aka mai da ta baiwa, aka ratsa Sahara da ita har Murzuk da Tarabulus, kuma ba ta cika ba sai bayan da idonta ya ga ɗanta ya zama malami. Duk mai karatu da natsuwa zai gane cewa tun ranar da aka raba ta da Umar ba ta da sauran sha'awar duniya, neman nan kaɗai ya riƙe ta, shi ya sa da buƙata ta biya, ajali bai jinkirta ba.

Mutumin Rano ko Kibiya ba zai karanta wannan ƙissa kamar tatsuniya ba. Tun da Malam Hamza ya tashi daga Tsakuwa da jama'arsa suka kafu a duwatsun Ningi, kudancin Kano ya zama filin hare-hare, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855 ya kuma sha fama da Ningawa. Ana kama mutum a gona, ana kama yaro a bakin rafi, sauran kuwa su ruga cikin ganuwa. Kowane ɗa da aka tafi da shi ya bar uwa, kuma yawancin waɗannan iyaye ba su sami damar bin sawu ba, domin akwai ƙanne a gida da ke jiran tuwo. Lalle nauyinsu ya fi na mahaifiyar Umar, gama ita tana da inda ta dosa, su kuwa sai daka da girki da jira.

To, me ya sa marubutanmu suke jin nauyin barin irin wannan mace ta furta abin da ke zuciyarta? Hujjar da ake kawowa ta addini ce, kuma ba hujjar banza ba ce. Rai amana ne, kashe kai babban zunubi ne, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mumini burin mutuwa saboda wata cuta da ta same shi, ya koyar da shi ya bar zaɓi ga Allah, Masanin abin da ya fi alheri. Amma Alƙur'ani mai girma, wanda gaskiya ne tsantsa ba ƙagen hikaya ba, ya kawo mana a aya ta 23 ta Suratu Maryam cewa Nana Maryam, sa'ad da naƙuda ta kai ta gindin dabino, ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana, har Ibn Kasir ya ciro daga nan halaccin irin wannan fata a lokacin tsoron fitina. Abin lura shi ne ba a tsawata mata ba. An kira ta aka hana ta baƙin ciki, aka nuna mata ruwa, aka umurce ta da ta girgiza dabino ta ci ta sha, sa'an nan ta ɗauki jaririn ta fuskanci mutanenta. Idan Littafin Allah bai ɓoye wannan kalma daga bakin mafificiyar mata ba, ban ga dalilin da zai sa mai rubuta labari ya ɗauki ɓoye ta a matsayin tsoron Allah ba.

Illar ɓoyewar kuwa babba ce, domin idan ba a nuna mana cewa mutum ya so tafiya ba, ba za mu san farashin zamansa ba, sai haƙurinsa ya zama kamar ɗabi'ar da aka halicce shi da ita, ba jihadin da yake sabuntawa kowace asuba ba. Kalmar da matan karkararmu suke faɗa, cewa zaman 'ya'ya suke yi, ko kuma ba don yaran nan ba da tuni an manta da su, mun saba jinta har ta daina girgiza mu, mukan amsa da a yi haƙuri mu wuce, alhali wani lokaci mai faɗinta tana buƙatar mai saurare, ko ma likita.

Balaraba Ramat Yakubu ta matso kusa da gaskiyar nan a cikin Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, inda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe su, ta aurar da 'yarta Saudatu cikin mutunci. Da dukiyar Alhaji ta ƙone, amarya ta watse, sai aka matsa wa Rabi ta koma ta ɗauki nauyin wanda ya wulakanta ta. Waɗansu suna ganin wannan komawa nasara ce ga Rabi. Ni kuwa ina ganin marubuciyar da gangan ta ƙi saka mata da hutu, don ta tilasta mana tambayar da Tafawa Balewa bai yi ba: shin kowane nauyi da aka ɗora wa mai haƙuri wajibi ne na shari'a, ko kuwa akwai wanda dangi suka ƙaga don sauƙin kansu, suka lulluɓe shi da sunan ƙaddara?