Zangunan Shehu Abdullahi: Daga Sakkwato Zuwa Madeira, Har Komawa Kano

A Hausar fatake, zango shi ne inda ayari yake sauke kaya ya huta kafin ya sake ɗaukar hanya. Daga wannan kalma unguwannin Hausawa na Kwatano da Kumasi da Lome suka samo sunansu. Wanda ya taso a Zongon Kwatano ya san cewa tarihin yawancin gidajen unguwar tarihin tafiya ne. Da wannan ido ya kamata a dubi rayuwar Shehu Abdullahi, ɗan wasan baya wanda ƙwallon ƙafa ta kai shi ƙasashe biyar, kuma bai taɓa wasa a Ingila ko Sifen ba, inda idon masu kallo yake.

An haifi Shehu a Sakkwato ranar 12 ga Maris, 1993. Bayan ya taɓa wasa a Plateau United ta Jos, sai ya koma Kano Pillars a shekarar 2012. Ya zo a kan gaɓa. Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci gasar Najeriya sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kuwa ya zama wurin da baƙi suke shakkar shiga. A lokacin ɗan wasan tsakiya ne mai tare hanya, irin wanda aikinsa ƙwace ƙwallo ya miƙa wa wasu su yi suna da ita. Marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida, wadda aka yi a Afirka ta Kudu a farkon 2014, inda Najeriya ta farke ci uku ta doke Maroko da 4-3, daga bisani ta zo ta uku.

Ƙofar da ta fara buɗe masa ta Kuwait ce, ƙungiyar Qadsia, a 2014. Bai daɗe ba.

Zangon da ya fi muhimmanci shi ne na Fotugal. A 2015 ya sanya hannu a União da Madeira, ƙaramar ƙungiya a birnin Funchal, cikin tsibirin Madeira da ke tekun Atlantika, mahaifar Cristiano Ronaldo. Ƙungiyar ta hau babbar gasar ƙasar ke nan bayan shekara 20 tana ƙasa, kuma ko a tsibirin nata ita ce ƙanwa, domin Marítimo da Nacional sun sha gabanta. Duk wasan da ba a tsibirin za a yi ba sai an hau jirgin sama. Mai tsaron baya a irin wannan ƙungiya ba ya samun sararawa, tun da rabin kakar wasa a gaban ragarsu ake yin ta, ga kuma Benfica da Porto da Sporting suna jira. A ƙarshen kakar 2015/16 União ta zo ta 17 cikin 18, ta koma inda ta fito. A ganina, wannan shekara ta faɗuwa ce ta fi kowace amfanar Shehu. Fotugal ta daɗe tana zama mashigar 'yan wasan Afirka da Brazil, masu farautar 'yan wasa ba sa ɗauke ido daga kanta, kuma wanda ya jure kaka guda a can ya samu shaidar da gasar Kuwait ba za ta ba shi ba.

A watan Agustan 2016 ya buga wa Najeriya wasannin Olamfik a Rio ƙarƙashin Samson Siasia, suka doke Honduras da 3-2 suka ɗauki lambar tagulla. A nan aka ƙara saninsa a bayan dama, gurbin da masu kallo suke kira lamba biyu. Iya riƙe gurbi biyu, tsakiya da baya, shi ne jarin da ya yi ta juyawa har ƙarshen zamansa a Turai, domin ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi tana son mutum ɗaya da zai toshe mata kafa biyu.

Daga nan sai tsibirin Saifurus, ƙungiyar Anorthosis. Ita ma baƙuwa ce a inda take. An kafa ta a Famagusta a 1911, amma tun shigar sojojin Turkiyya arewacin tsibirin a 1974 take zaman gudun hijira, tana wasanta a Larnaka. A watan Janairun 2018 kuma Shehu ya tsallaka Turkiyyar, ya shiga Bursaspor, wadda ta ci gasar ƙasar a 2010. A can ya tarar da William Troost-Ekong. Yana ɗan Bursaspor ya je gasar cin kofin duniya a Rasha, ya fara wasan farko da Kuroshiya ranar 16 ga Yuni, 2018, aka ci Najeriya 2-0. Koci Gernot Rohr, wanda daga baya ya karɓi ƙungiyar ƙasar Benin a 2023, ya sauya tsari zuwa 'yan baya uku, sai Shehu ya rasa gurbinsa. Shekara guda bayan haka Bursaspor ta faɗa rukuni na biyu. Karo na biyu ke nan ƙungiyarsa tana nutsewa yana ciki.

Haƙuri ya biya a 2020, da ya koma Saifurus ya shiga Omonia ta birnin Nikosiya. A ƙarƙashin Henning Berg, tsohon ɗan bayan Manchester United, Omonia ta ci gasar ƙasar a kakar 2020/21, karo na farko tun 2010. A 2022 ta ƙara da kofin ƙasa. Waɗannan shekaru biyu su ne mafi albarka a zamansa na waje. Sai ɗan gajeren zama a Levski Sofia ta Bulgeriya a ƙarshen 2022.

A 2023 ya dawo Kano Pillars. Ba Pillars ɗin da ya bari ya tarar ba: ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta kuma hauro a shekarar da ya dawo. Ya sake haɗuwa da Rabi'u Ali, wanda suka ci gasa tare shekara 10 da suka wuce, kuma a 2024 Ahmed Musa shi ma ya komo gida ya same su.