Zare: Daga hauren giwa zuwa kwamfuta, tarihin haƙoran roba

1/ Jama'a, yau zaren namu a kan haƙoran roba ne, waɗanda ake sa wa wanda haƙoransa suka zube gaba ɗaya. Alƙaluman WHO sun nuna kusan kashi 23 cikin 100 na 'yan shekara 60 zuwa sama a duniya ba su da haƙori ko ɗaya. Ku biyo ni mu ga yadda sana'ar ta koma kwamfuta.

2/ A da, abin na masu hannu da shuni ne. Da hauren giwa ko na dorina ake sassaƙa su, a dasa haƙoran mutane a kai. George Washington ma irinsu ya sa. Bayan yaƙin Waterloo a 1815, har haƙoran sojojin da suka mutu aka riƙa cirewa ana sayarwa.

3/ Sai aka samo roba mai tauri. Nelson Goodyear ya yi mata rajista a Amurka a 1851. Tana da araha, tana kuma bin siffar dasashi. Daga nan talaka ya fara samun abin tauna.

4/ Amma fa da sharaɗi. Kamfanin Goodyear Dental Vulcanite ya riƙe haƙƙin mallaka, duk likitan da zai yi aiki da ita sai ya sayi lasisi. Wanda ya ƙi, kotu. Abin ya yi zafi har a 1879 wani likitan haƙori, Samuel Chalfant, ya harbe ma'ajin kamfanin, Josiah Bacon, a San Francisco. A 1881 wa'adin haƙƙin ya ƙare. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/ Wajen 1937 aka shigo da robar akirilik, wadda har yau ita ake amfani da ita. Aikin kuwa na hannu ne: likita ya ɗau awon baki, mai haɗa haƙora ya zuba filasta, ya jera haƙora ɗaya bayan ɗaya a kan kaki, a gwada, a dafa, a goge. Yawanci sai majiyyaci ya yi zuwa 5.

6/ Matsalar ita ce akirilik tana motsewa in ana dafa ta. Ɗan motsin nan shi ke sa haƙoran su ƙi zama daidai, su ci wa mutum dasashi.

7/ Kwamfuta ta shigo ne ta wata ƙofa. A 1973 François Duret na Faransa ya kawo dabarar auna baki da haske. A 1985 Werner Mörmann da Marco Brandestini suka yi wa majiyyaci na farko aiki da injin CEREC a Zurich. Sai dai cikon haƙori ɗaya ne.

8/ Me ya sa cikakken baki ya zo a ƙarshe? Haƙori abu ne mai tauri, kyamara na kama shi. Dasashi kuwa nama ne, yana lotsawa, yana motsi da leɓe da harshe. Kuma in babu haƙori ko ɗaya, babu alamar da za ta nuna inda muƙamuƙi ke haɗuwa.

9/ A 1994 Maeda da abokan aikinsa a Japan suka wallafa gwajin farko na cikakkun haƙoran roba da kwamfuta. Sai wajen 2011 abin ya shiga kasuwa da AvaDent a Amurka. A 2015 hukumar FDA ta amince da ruwan robar kamfanin Dentca na firintar 3D.

10/ Yanzu hanya biyu ce. Ko inji ya sassaƙa daga faifan akirilik da aka riga aka dafa a masana'anta, wanda ya gama motsewarsa, ko firinta ta gina shi hawa-hawa. Zuwa 5 ya koma 2 ko 3. In kaka ta jefar da nata, fayil na nan, sai a sake fitar da irinsu.

11/ To mu dawo kan Goodyear. Ɗakin haɗa haƙora na yau yana biyan lasisin manhaja, sau da yawa duk shekara, wasu firintocin kuma ba sa karɓar ruwan roba sai na kamfaninsu. Ga mai ƙaramin ɗaki a ƙasar da ake sayen dala da tsada, wuta kuma ba tabbas, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

12/ A ganina inji bai kori mai sana'a ba. Har yanzu likitoci da yawa da hannu suke ɗaukar awon dasashi, sannan a ɗora a kwamfuta, kuma wanda bai iya jera haƙora a kaki ba, ba zai iya a allo ba. Abin da nake jiye wa shi ne ƙananan ɗakuna su koma 'yan aike, su tura fayil, riba ta tafi wajen mai inji.

13/ Masu wannan sana'a da ke nan, ku faɗa mana: nawa lasisi ke cin ku a shekara, kuma wa ke riƙe da fayil ɗin majiyyaci, ku ko kamfani?